Littafi ɗaya ya fito sau shida: ta ina za a fara gyaran katalog ɗin haɗaka?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaciyar laburare ce a wata kwalejin ilimi. Shekara uku ke nan da muka haɗa katalog ɗinmu da na laburaren jiha da rassansa biyu, da na wata kwalejin kimiyya da fasaha, duka a kan manhajar laburare guda mai suna Koha. Amma abin ya ƙi daɗi. Ka nemi littafi ya fito sau biyar sau shida, wani kuma ga shi a kan kanta amma katalog ya ce babu shi. Ɗalibanmu sun daina dubawa, sun koma tambayarmu da baki. Yanzu wasu a kwamitinmu suna cewa a bar Koha a sayi manhaja ta kuɗi. Ta ina ya kamata mu fara?"

Wa alaikumus salam, Malama. In na fahimce ki, abu biyu kike tambaya: me ya hargitsa katalog ɗin da kuka yi tarayya a kansa, sannan ko sayen sabuwar manhaja zai warkar da shi. Bari in fara sallamar ta biyun, tunda ita ce mai cin kuɗi. Kada ku saya tukuna. Duk alamun da kika lissafa na bayanan da aka zuba ne, da kuma rashin magana ɗaya tsakanin masu zubawar. In kuka kwashi bayanan nan yadda suke kuka juye a manhajar miliyoyin naira, littafin nan zai sake fitowa sau shida, sai dai a shafi mai kyan gani. An bar jaki ana dukan taiki ke nan.

Na fara wannan aiki lokacin ana buga katin littafi da tafireta, a huda ƙasansa a zura a sandar durowa. Shi ya sa har yau in na ce "kati" ina nufin bayanin littafi da ke cikin kwamfuta: marubuci, suna, maɗaba'a, shekara, yawan shafi, fanni. Ki riƙe kalmar, da ita zan yi ta magana. A wancan zamani, in laburare goma suka sayi littafi guda, mutum goma ne za su zauna kowa ya rubuta masa kati, kowa da irin kuskurensa. Wannan asarar ƙarfi ce ta sa kwalejoji da jami'o'in jihar Ohio ta Amurka suka kafa cibiyar haɗin gwiwar laburare ta OCLC a 1967 ƙarƙashin Frederick Kilgour, kuma a 1971 suka fara rubuta kati a kwamfuta guda: wanda littafi ya fara shiga hannunsa ya rubuta, sauran su liƙa kwafinsu a jikin katinsa. Abin da ya sa hakan ya yiwu shi ne tsarin MARC, wanda Henriette Avram ta jagoranci ƙirƙirarsa a Laburaren Majalisar Dokokin Amurka a shekarun 1960. Shi ya ba kowane bayani gurbi mai lamba: 100 na marubuci, 245 na sunan littafi, 250 na bugu, 020 na ISBN, wato lambar shaidar littafi ta duniya. Koha ɗinku, wadda aka rubuta a 1999 don wani ƙaramin laburaren jama'a a Niyu Zilan, a kan wannan tsari take tafiya.

To ga gishirin maganar. A katalog ɗin haɗaka hawa biyu ne. Hawan sama shi ne kati, kuma na kowa ne. Hawan ƙasa shi ne kwafi, wato wannan littafin na takarda da ke kan kantarku, mai hatiminku da lambarku, kuma naku ne ku kaɗai. A Koha bayanin kwafi yana gurbi na 952: reshen da ya mallake shi, inda yake yanzu, lambar da ake jera shi da ita a kan kanta, lambar bakod. Littafi ɗaya, kati ɗaya, kwafi ko ɗari ne su rataya a ƙarƙashinsa. Abin da na sha gani a wuraren da aka kira ni shi ne, an haɗa sabar, wato babbar kwamfutar da ke riƙe bayanan, amma ba a haɗa kati ba. Kowa ya zo da nasa, wani daga Excel, wani daga tsohuwar manhajar CDS/ISIS ta UNESCO da laburarenmu da yawa suka yi amfani da ita, aka loda su ɗaya bayan ɗaya ba tare da an sa ƙa'idar gane tagwaye ba. Sai ya zama katalog biyar ne suke kwana a ɗaki ɗaya, ba su san juna ba.

Kafin komai, ki duba abu ɗaya

Littafin da ke kan kanta amma bincike ba ya kawo shi, dalilinsa na farko da nake zargi ba na katalog ba ne, na wutar lantarki ne. Koha ba ta bincike kai tsaye a cikin rumbun bayanai. Akwai wani injin fihirisa a gefe, Zebra ko Elasticsearch, da yake bin sababbin katuna yana shigar da su. In aka ɗauke wuta sabar ta mutu ba shiri, sau da yawa Koha takan tashi lafiya amma wannan injin bai tashi ba. Ma'aikata su yi ta shigar da littattafai wata da watanni, komai yana ajiye, amma bincike ba ya ganinsu. Mai shigarwa ya nema bai gani ba, sai ya ɗauka bai ajiyu ba, ya sake shigarwa. Kin ga ta nan ma tagwaye suke haihuwa. Gwajin ba wuya: ki shigar da kati yau, ki nemi shi bayan 'yan mintuna. In bai fito ba, ki sa mai kula da sabar ya tada injin ya sake gina fihirisar gaba ɗaya. Akwai wurin da muka yi haka da hantsi, kafin azahar littattafan da ake cewa sun ɓata duk sun dawo.

Haɗa tagwaye

Koha tana da hanyar haɗa katuna biyu ko fiye su zama ɗaya, kwafin duka su koma ƙarƙashin wanda aka zaɓa. Danna maɓallin ba shi ne aikin ba. Aikin shi ne yarda a kan yaushe littattafai biyu suke zama abu ɗaya.

Littattafan Turai da Amurka da Indiya, waɗanda su ne suka cika kantocin kimiyya na kwalejojinku, ISBN yana raba gardama a mafi yawansu. Sai dai ki kula, lambar ta koma mai alƙaluma 13 daga farkon 2007, kafin nan 10 ce, don haka littafi ɗaya yana iya zuwa da tsohuwar lamba a katin laburaren jiha, da sabuwa mai farawa da 978 a naku. Wani kuma ya rubuta da karan tsakiya, wani ya haɗe. Sai an daidaita waɗannan kafin kwamfuta ta gane tagwayen. MarcEdit, manhajar kyauta da Terry Reese ya rubuta, tana yin wannan gyara ga dubban katuna a zama ɗaya, kuma ya kamata a ce aƙalla mutum biyu a haɗakarku sun iya ta.

Matsalar tana wajen littattafanmu na gida. Laburaren Ƙasa ne ke ba da ISBN a Najeriya, amma ɗimbin littattafan da aka buga a Kano da Zariya da Sakkwato ba su taɓa neman ta ba. Wasu kuma suna da ita amma ba a dogara da ita, domin na sha ganin mai maɗaba'a ya karɓi lamba ɗaya ya yi ta manna wa duk abin da ya buga, har littafin addini da na koyon girki suka tashi da lamba guda. In kika bar kwamfuta ta haɗa katuna bisa ISBN kaɗai, za ta haɗe waɗannan biyu, kuma warware haɗin da aka yi bisa kuskure ya fi haɗawar wuya nesa ba kusa ba. Don haka ƙa'idata ita ce, na waje a bar wa kwamfuta ta kawo shawara mutum ya tabbatar, na gida kuwa sai an ɗauko littafin a hannu, ko a ɗauki hoton bangonsa da shafin farko da na ƙarshe a tura wa abokin aiki a ɗaya reshen ta waya.

Sai ku rubuta amsar tambayoyin da kullum suke dawowa. Sabon bugu mai gyara ko ƙari yana samun katinsa, amma sake bugawa ba tare da canji ba kwafi ne kawai. Littafin hikaya mai kashi na ɗaya da na biyu da na uku, kati ɗaya za a yi masa a nuna kashin a jikin kwafi, ko kowane kashi da katinsa? Ni na fi son kati ɗaya in sunan bai canza ba, domin mai karatu yana so ya ga a shafi guda cewa na ɗaya yana reshen kasuwa, na uku yana kwaleji. Amma ko wanne kuka zaɓa ya fi a ce kowa yana yin nasa. Littafin da ba shekara, a sa shekarar da ake kyautata zato cikin baka mai kusurwa da alamar tambaya, kamar [2004?], kada a bar gurbin fayau. Wanda ya zo da shekarar Hijira, a rubuta ta yadda take a ƙara ta Miladiyya. Ƙananan abubuwa ne, amma su ne suke sa mutum biyu su kalli littafi ɗaya su yi masa kati iri ɗaya.

Kuma kada ku ce za ku tsabtace komai a lokaci guda. In dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Ku fitar da rahoton littattafan da aka fi ara a shekara biyun nan, da waɗanda malamai suka sa a jerin karatun kwasa-kwasai, ku fara da su. Kundin da rabon da a taɓa shi tun zamanin soja zai iya jira.

Haruffa masu lanƙwasa da sunayen mutanenmu

Nan ne nake so in daɗe, domin babu littafin koyar da Koha da aka rubuta a waje da zai gaya miki wannan, kuma ina kyautata zaton shi ne rabin ciwon kanku a ɓangaren littattafan Hausa.

Ɗauki kalmar "ƙasa" a sunan littafi. Ma'aikaci na farko yana da allon rubutu mai ƙ, ya rubuta daidai. Na biyu ba shi da shi, ya rubuta "kasa". Na uku ya koyi aiki zamanin da ake sa waƙafi a sama, ya rubuta "k'asa". A wurin kwamfuta waɗannan kalmomi uku ne da ba su haɗa komai ba. Ɗalibi kuma daga wayarsa "kasa" zai rubuta, sai ya samu katin mutum na biyu kaɗai, wato mai kuskuren. Wanda ya yi aikinsa daidai shi ne littafinsa yake ɓata. Na taɓa samun wata ma'aikaciya da ta lura da haka, sai ta bi katunan Hausa ɗaya bayan ɗaya tana cire lanƙwasa don ɗalibai su riƙa samu. Niyyarta mai kyau ce, amma ta mayar da ƙafa kafa, ta mayar da ɓari bari.

Mutane kan ɗauka cewa tunda injin bincike yana gane é na Faransanci a matsayin e, zai gane ƙ a matsayin k. Ba lallai ba ne. A tsarin Unicode, é tana rabuwa gida biyu, harafin e da alamar da ke kansa, don haka ƙa'idar "cire alamomi" tana aiki a kanta. Su kuwa ɓ da ɗ da ƙ da ƴ haruffa ne masu zaman kansu, ba sa rabuwa, wannan ƙa'ida ba ta taɓa su. Sai an gaya wa injin a fili. In Zebra kuke amfani da shi, ana ƙara layukan ne a fayil ɗin word-phrase-utf.chr ko words-icu.xml, gwargwadon yadda aka kafa muku, a ce ƙ daidai take da k a wajen bincike, ɗ da d, ɓ da b, manya da ƙanana, sannan a sake gina fihirisa. In Elasticsearch ne, a gwada a gani, in bai haɗa su ba a ƙara masa irin wannan taswira. Manufar ita ce a ajiye rubutu daidai, a sassauta bincike. Kada ku manta da 'y da muke rubutawa a Najeriya alhali a Nijar ƴ suke sawa, da kuma waƙafin sama da yake zuwa iri-iri, miƙaƙƙe da lanƙwasasshe, musamman in an kwafo daga Word. A sa injin ya yi watsi da shi a bincike. Aikin yini ɗaya ne ga wanda ya san sabar, kuma ban san wani gyara da yake biyan wahalarsa da sauri kamar wannan ba.

Sai sunaye. Ki nemi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a katalog ɗinku yanzu. Za ki same shi a Usman dan Fodio, da Uthman ibn Fudi, da Usuman dan Fodio, da Shehu Usman Danfodiyo, wataƙila har da wanda ya sa shi a ƙarƙashin "Shehu" kamar sunan mahaifi ne. Haka Muhammad da Muhammadu da Mohammed da Moh'd. Haka wanda sunansa ya ƙare da garinsu, wani ma'aikaci ya ɗauki garin a matsayin sunan shiga, wani ya ɗauki sunan uba. Haka laƙabi: Alhaji, Malam, Dokta, Shaihi, duk an cusa a gurbin 100. Maganin wannan tsoho ne, shi ne katin suna: a zaɓi siga ɗaya ta zama tabbatacciya, sauran a jera su a gurbin 400 na katin sunan a matsayin "duba". Koha tana da wannan sashe, amma kusan duk inda na je na tarar ba a taɓa buɗe shi ba. Ga sanannun mutane ku duba VIAF, rumbun sunayen marubuta na duniya da ke intanet, ku ga sigar da manyan laburaren duniya suka ɗauka, ku bi ta don katunan da za ku kwafo daga waje su dace da naku. Ga marubutan gida da ba kowa ya yi musu kati ba, ku ne hukuma. Ku bi yadda marubucin ya fi rubuta sunansa a littattafansa, in yana raye kuma a tambaye shi. Ku fara da marubuta ɗari da aka fi nema, ba dubu ba.

Littattafan Larabci da Ajami su ma suna da tasu. MARC ya tanadi gurbin 880 don a rubuta suna da haruffan asali a gefen na boko, kuma Koha tana nuna shi. Malamin Islamiyya da ya shigo laburaren jiha da haruffan Larabci zai nema, ɗalibinku kuma da boko. A yi duka biyun. Sannan "al-" ta farkon sunan littafi, akwai alama ta biyu a gurbin 245 da ake sa adadin haruffan da za a tsallake wajen jerawa, in ba haka ba rabin littattafan Larabci za su taru a ƙarƙashin harafin A.

Dewey da LC

A nan ba na so ku ɓata lokaci. Laburaren jiha galibi da tsarin lambobi na Dewey yake jera kanta, manyan makarantu da yawa kuma da tsarin Laburaren Majalisar Amurka, wato LC. Littafin Musulunci 297 ne a can, BP ne a nan. Na ga kwamitin da ya shafe zama uku yana jayayya kan wanda zai bar nasa. Ba wanda zai bari. Lambar jeri a kan kanta ta kwafi ce, ba ta kati ba. Kati ya ɗauki duka biyun, 082 da 050, kowane reshe ya sa tasa a jikin kwafinsa.

Inda bambancin masu karatunku yake da nauyi shi ne kalmomin fanni. Katunan da ake kwafowa daga laburaren waje ta hanyar sadarwa ta Z39.50 suna zuwa da kanun fanni na Ingilishi, waɗanda suka dace da malamin kwaleji. Amma manomi ko matar aure da ta zo reshen unguwa "kiwon kaji" za ta rubuta, ko "rabon gado", ko "hawan jini". Kada a goge na Ingilishin. A ƙara na Hausa a gurbin 653, daga jerin kalmomi guda da kuka yarda da shi, don kada wani ya sa "ciwon suga" wani "ciwon sukari" a sake komawa gidan jiya.

Wa zai iya aron me

Katalog yana iya tsabta tas mutane su ƙi shi, in yana yi musu alkawarin da ba a cikawa. Ɗan sakandare ya ga littafi "yana nan" a kwalejinku, ya biya kuɗin mota, mai gadi ya tare shi a ƙofa don ba shi da katin ɗalibi. Ba zai sake yarda da katalog ɗin ba, kuma zai gaya wa abokansa.

Tsoron da kwalejoji suke yi ba na banza ba ne. Littattafansu da yawa da kuɗin TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, aka saya, masu binciken kuɗi suna zuwa su ƙirga, laburaren jiha kuma ba ya cikin masu cin wannan asusu. Ga ɗalibi akwai abin riƙewa, ba za a sa masa hannu a takardar sallama ba sai ya dawo da littafi. Mutumin gari fa, me za a riƙe? Shi ma laburaren jiha yana tsoron lokacin jarrabawa ɗalibai su kwashe masa kanta. To a faɗi wannan a fili a zauna a kai. Koha tana ba da damar a tsara dokar aro bisa reshe da irin mai karatu da irin littafi. Ku rage ire-iren littafi su zama kaɗan da kowa ya fahimta: wanda kowa zai iya ara, wanda 'yan gida kaɗai za su ara, wanda ake karantawa a wurin. Kundayen binciken ɗalibai da littattafan da malami ya keɓe wa kwas su shiga na ukun. Kuma abin ya fito ɓaro-ɓaro a shafin da mai karatu yake gani, da Hausa da Ingilishi, tare da lokutan buɗewa da abin da baƙo zai nuna a ƙofa. Ko da a ce kwaleji ba za ta ba mutumin gari aro ba, ta ba shi kujera ya zauna ya karanta. Wannan kaɗai ya isa ya sa haɗakar ta yi ma'ana.

Tunda rajistar masu karatu ma guda ce, ku taƙaita wanda yake ganin lambar waya da adireshi da tarihin aron mutanen wani reshe. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta shafe ku, kuma ko ba doka, abin da mutum yake karantawa sirrinsa ne.

Sannan ƙidayar littattafan da ke kan kanta. Littafin da ya ɓata shekara biyar amma katalog yana cewa yana nan, ƙarya ce da sunanku. Lokacin hutun zango ku bi kanta da na'urar karanta bakod, wanda ba a gani ba a sa masa alamar ɓata, ya daina fitowa a matsayin wanda ake samu.

Wanda zai riƙe tsintsiyar

Duk abin da na faɗa zai sake lalacewa cikin shekara biyu in kowa yana da ikon ƙirƙirar kati. Haɗakar da suka daɗe suna aiki, irin PINES ta jihar Jojiya, wadda don ita aka rubuta manhajar Evergreen aka fara aiki da ita a 2006, ko NOBLE da ke arewacin Boston, wadda ta haɗa laburaren jama'a da na kwalejoji kamar taku, ba manhaja ce ta riƙe su ba. Suna da rubutacciyar ƙa'ida da ma'aikatan tsakiya masu kula da rumbun. Ku ba ku da kuɗin ofishin tsakiya, amma kuna iya kwaikwayon ƙashin bayan abin. Kowane ma'aikaci ya iya liƙa kwafi a katin da yake akwai. Ƙirƙirar sabon kati da gyaran na wani kuwa a bar wa mutum ɗaya ko biyu a kowace cibiya, waɗanda aka horar tare. Doka ta farko: a nema sau uku kafin a ƙirƙira, da ISBN, da suna, da marubuci. In littafi sabo ne ana sauri, ko ɗan hidimar ƙasa ne a kan tebur, a yi gajeren kati mai alamar "na wucin gadi", masu katalog su cika shi a cikin mako.

Ƙa'idar kada ta wuce shafi biyar, da misalai daga littattafanku na gaske. Masu katalog su riƙa haɗuwa wata-wata, su kaɗai ba tare da shugabanni ba, kowa ya zo da littattafai biyu da suka ba shi wuya. A irin wannan zama na fi koyon aiki fiye da kowane taron bita na otal. Shugabanni kuma su sa hannu a takarda kan wanda yake biyan kuɗin sabar da intanet, da wanda yake ɗaukar kwafin ajiya kullum ya ajiye a wani gini daban, da abin da zai faru da katuna in wata cibiya ta fice. Koha tana fitar da sabon zubi sau biyu a shekara, Mayu da Nuwamba. Ba dole ku bi kowanne ba, amma kada ku bari shekaru su taru, domin tsallake zubi da yawa a lokaci guda shi ne yake karya abubuwa.

Inda shawarata ta tsaya

Akwai lokacin da maganar manhaja take da hujja. In kuka fara biyan kuɗin mujallu da littattafan intanet masu yawa, kuna so bincike ɗaya ya haɗa su da na takarda da ma'ajiyar kundayen bincike, sai a yi maganar ɗora wani shafin bincike a saman Koha, irin VuFind da Jami'ar Villanova ta fara, shi ma kyauta ne. Amma shi ma abin da ke ƙasa yake nunawa, don haka bayan shara yake zuwa. In kuma matsalarku ita ce ba ku da wanda zai kula da sabar, kuɗin da za a sayi sabuwar manhaja gara a biya wanda zai riƙe muku Koha ɗin da shi.

Abin da katalog ba zai taɓa yi muku ba shi ne ɗaukar littafi daga wannan reshe zuwa wancan. A duk haɗakar da na yi aiki da ita, nan ne muka fi kasawa. Mun gwada motar kwaleji, ta yi wata biyu aka ce ba mai. Mun gwada ma'aikacin da gidansa yake kusa da ɗaya reshen, ya yi har aka yi masa canjin wurin aiki. In ba ku da tabbatacciyar rana a mako da wani zai yi wannan zirga-zirga, kada ku kunna maɓallin neman a kawo littafi daga wani reshe. Ku bar mutane su ga inda yake su je da ƙafarsu.

Kafin zaman kwamitinku na gaba, ki ajiye littafin rubutu a teburin tambaya na mako biyu. Duk wanda ya ce ya nema bai samu ba, a rubuta ainihin abin da ya buga, harafi da harafi, da abin da yake nufi. Ki kuma tsayar da ɗalibai biyar, ki ba kowanne sunan littafi ya nema a wayarsa kina kallo, kada ki taimaka masa ko da ya juyo yana kallonki. Sannan ki zaɓi littattafai ashirin da aka fi ara, ki ƙirga kati nawa kowanne yake da shi. Ki shiga zaman da waɗannan takardu uku, ki roƙi a ba ku zango ɗaya na gyara kafin a sake ɗaga maganar saye, kuma ki nemi a rubuta sunan wanda zai taɓa fayil ɗin haruffan nan da ranar da zai yi.